Wane Ƙunshi Ke Cin Wane? Tambayoyi da Amsoshi Kan Karawa da Daidaito a Tsarin Modern na Magic: The Gathering

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga bakin wanda ya riga ya iya dokokin wasa, ya haɗa katunansa, ya shiga gasa, sai ya ga wasu abokan karawa yana cin su cikin sauƙi, wasu kuwa ko numfashi ba sa barinsa ya yi. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

1. Mene ne Modern, kuma me ake nufi da ƙunshi?

Magic: The Gathering wasan kati ne da Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da shi a 1993. Ya sha bamban da karta, inda kowa ke ja daga tari ɗaya. A nan kowane ɗan wasa yana zuwa da nasa tarin da ya zaɓa da hannunsa, shi ne ƙunshi. Ƙunshin gasa ba ya gaza kati 60, ba a sa kati iri ɗaya fiye da 4 in ban da filaye na asali, wato filaye na gama-gari irin su Mountain, kuma ana ba mutum damar riƙe wasu 15 a gefe. Kowa yana farawa da rai 20 da kati 7 a hannu. Filaye su ke ba da mana, wato ƙarfin da ake biya kafin a buga kati, kuma fili ɗaya ake ajiyewa a kowane zagaye.

Modern tsari ne na gasa da aka buɗe a 2011. Yana karɓar katuna tun daga fitowar Eighth Edition ta 2003 zuwa yau, ban da waɗanda aka haramta. Karawa turmi uku ce, wanda ya fara cin biyu ya yi nasara.

2. Nau'in ƙunshi nawa ne?

Ba wanda ya ƙayyade adadi, amma galibi ana maganar biyar. Akwai na farmaki, wanda 'yan wasa ke kira agro: katuna masu arha, burinsa ya ƙarar da ranka 20 kafin ka zauna da gindinka. Burn shi ne sarkinsu, da Lightning Bolt mai cin rai 3 a kan mana ɗaya. Akwai na tsaro, mai jan wasa: ya soke abin da ka buga da Counterspell, ya share halittunka, wato katunan da ke zama a fage suna kai hari da tarewa, gaba ɗaya da Supreme Verdict, sai ka ƙare sannan ya ci ka a hankali. Akwai kombo, wanda ke neman haɗa kati biyu ko uku da za su gama wasa nan take. Akwai na tsaka-tsaki irin Jund, mai musayar kati da kati har hannun kowa ya bushe, yana dogaro da cewa duk abin da zai jawo ya fi naka inganci. Sai masu tara mana irin Tron da Amulet Titan, waɗanda ke buga katin mana shida ko bakwai tun sauran mutane na kan uku.

Da yawa daga cikin ƙunsoshin da suka fi ba da tsoro a tarihin Modern ba su zauna a ɗaki ɗaya ba. Splinter Twin tsaro ne da kombo a haɗe, kuma wannan haɗin shi ya jawo masa abin da ke tambaya ta 11.

3. Gaskiya ne farmaki na cin tsaro, tsaro na cin kombo, kombo na cin farmaki?

A dunƙule haka ne, kuma dalilin duk lokaci ne. Mai tsaro yana buƙatar zagaye huɗu ko biyar kafin ya tsaya da ƙafafunsa, mai farmaki ba ya ba shi wannan sarari. Mai kombo yana dogara da kati ɗaya ko biyu, in aka soke su a daidai gaɓa sai ya zauna da tarkace a hannu. Mai farmaki kuma ba shi da abin tare kombo, tsere kawai yake yi, kombo kuwa yakan riga shi isa. In aka ƙara sauran biyun, tsaka-tsaki yakan danne farmaki, masu tara mana su danne tsaka-tsaki.

Amma wannan taswira ce ta nesa. Tsaron da ya cika ƙunshinsa da katunan kashe halittu masu arha zai iya lallasa farmaki, sai dai ranar da ya haɗu da kombo zai ga rabin hannunsa ba shi da aiki. Katunan da ke cikin ƙunshi su ke yanke hukunci, ba sunan da aka raɗa masa ba.

4. Me ya sa Tron ke wulaƙanta Jund, amma Burn ya ba Tron wahala?

Wannan misali ne daga sigar waɗannan ƙunsoshi ta wajen 2015 zuwa 2019, kuma har yau ba a sami wanda ya fi shi bayyana yadda karawa ke aiki ba. Tron yana neman filaye uku: Urza's Tower da Urza's Mine da Urza's Power Plant. Kowanne shi kaɗai mana ɗaya yake bayarwa, amma in suka haɗu sai su ba da bakwai. Kenan a zagaye na uku zai iya buga Karn Liberated mai mana bakwai, ko Wurmcoil Engine mai shida. Kusan sauran ƙunshin duka katunan neman waɗannan filaye ne, irin su Expedition Map da Sylvan Scrying da Ancient Stirrings.

Jund kuwa makamansa Thoughtseize ne, mai leƙa hannunka ya jefar da kati ɗaya, da Lightning Bolt, da Liliana of the Veil, da Tarmogoyf. Matsalar ita ce Thoughtseize ba ya ɗaukar fili, kuma ba ya taɓa katin da za ka jawo a gaba. Bolt bai kai ya kashe Wurmcoil mai ƙarfi 6 ba, in ma an kashe shi ta wata hanya sai ya bar ƙananan halittu biyu a madadinsa. Dabarar Jund ita ce a ja wasa har kowa ya koma dogaro da abin da ya jawo, to a wannan fage Tron ya fi shi nesa ba kusa ba. Jund yana kai kansa inda za a yanka shi ne da ƙafarsa.

Burn bai damu da hannun Tron ba. Lissafinsa ɗaya ne: katin rai 3 guda bakwai sun wuce rai 20. Zagaye biyu na farko da Tron ke ɓatawa wajen neman filaye, Goblin Guide na ta dukansa, kuma Karn ba ya cire fiye da abu ɗaya a zagaye. Hanyar tsira ta Tron ita ce Wurmcoil ya fara mayar masa da rai, shi kuwa Burn yana riƙe da Skullcrack mai hana ƙarin rai. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

5. In aka ce karawa 60 da 40 ce, me hakan ke nufi?

Ana nufin in 'yan wasa masu ƙwarewa ɗaya suka kara sau da yawa, ɗaya zai ci kusan kashi 60 cikin 100. A lura ko turmi ake magana ko karawa gaba ɗaya, domin rinjaye yana faɗaɗa a turmi uku. Wanda ke cin kashi 55 na turmi zai ci kusan kashi 57 da rabi na karawa, mai cin kashi 60 na turmi zai kai kusan kashi 65.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙarancin gwaji. Ko da ƙunshi biyu sun yi kunnen doki a ƙarfi, in suka buga turmi 20, damar ɗaya takamaimai ya ci 12 ko fiye ta kai kusan ɗaya cikin huɗu. Don haka wanda ya kwana yana wasa da abokinsa ya tashi da 12 da 8 bai gano komai ba tukuna. Abin da ya kamata ya ɗauka daga daren shi ne wane kati ne ya riƙa yanke wasa, kuma a wane zagaye.

6. Mun haɗu da mai ƙunshi irin nawa, ko mai kama da shi. Wa zai kai hari, wa zai tsare?

Wannan tambaya ta fi duk wani jadawalin karawa muhimmanci. Mike Flores ya yi rubutu a kanta a 1999, kuma har yanzu ana koyar da ita: a kowace karawa ɗaya ne mai hari, ɗaya mai tsaro, wanda ya kasa gane matsayinsa shi zai faɗi. Hanyar ganewa ita ce ka tambayi kanka, in wasan nan ya kai zagaye na goma, wa zai ci? In abokin karawa ne, to kai ne mai hari ko da ƙunshinka na tsaro ne.

Koma kan Jund na tambaya ta 4. Gaban Burn, Jund mai tsaro ne: ya kashe kowace halitta, ya yi tsimin ransa, ya yi tunani sau biyu kafin ya biya rai 2 don Thoughtseize ko don filin da ke cin rai in ana son ya shigo a shirye. Gaban Tron kuwa sai ya tuɓe wannan riga, ya sauke Tarmogoyf a zagaye na biyu, ya riƙa jefa Bolt a fuskar mai Tron maimakon ajiye shi. Katunan ba su canza ba, aikinsu ne ya canza. Yawancin karawar da ake cewa mummuna ce, wani kaso na muninta daga nan yake.

7. Katunan gefe za su iya juya mummunar karawa?

Suna iyawa, kuma Modern ya yi suna da haka. Turmin farko kaɗai ake bugawa da ainihin 60, daga na biyu kowa na iya musanya da na gefe. Kenan aƙalla rabin wasannin da za ka buga a gasa da katunan gefe a ciki za ka buga su. Rest in Peace da Leyline of the Void suna rufe maƙabarta, wato tarin katunan da aka riga aka buga ko aka jefar, inda ƙunsoshi irin Dredge ke samun ƙarfinsu. Stony Silence yana daskarar da katunan kayan aiki da ƙunshin Affinity ya dogara da su. Blood Moon yana mayar da duk filin da ba na asali ba ya zama Mountain, abin da ke karya lissafin bakwai na Tron.

Sai dai akwai lissafi a ciki. In ka sa kwafi 4 a ƙunshi mai 60, damar ganin ɗaya a kati 7 na farko kusan kashi 40 ne. Da kwafi 2 ta faɗo zuwa kusan 22. Leyline of the Void kuma kyauta yake shiga fage in yana hannun farko, in ya zo daga baya sai ka biya mana huɗu, lokacin an riga an sha da kai. Ga shi abokin karawa ma ya san abin da za ka kawo, yana nan da Nature's Claim mai mana ɗaya yana jira. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya cusa katunan gefe bakwai ko takwas har ƙunshinsa ya manta da yadda yake cin wasa. Ka hana shi motsi, kai ma ba ka motsi, har ya jawo maganin abin da ka ɗaure shi da shi.

8. Fara wasa yana da tasiri a kan karawa?

Ƙwarai. Wanda ya fara ba ya jan kati a zagayensa na farko, amma yana gaba da fili ɗaya a duk tsawon wasa, kuma a tsari mai sauri irin Modern kusan kowa farawa yake zaɓa. Wanda ya faɗi turmin baya shi ke da zaɓi a na gaba. In ƙunshi biyu duk suna gamawa a zagaye na huɗu, wanda ya fara shi zai riga kaiwa.

9. Me ake nufi da daidaito? Sai kowane ƙunshi ya yi ƙarfi ɗaya?

A'a, kuma ba a taɓa yin haka ba. Kullum akwai ƙunshin da ya fi, wannan ba ciwo ba ne. A ganina tsari yana da lafiya muddin ƙunshin da ya fi kowa yana da mai cinsa, kuma mai cin nasa ba sai ya sadaukar da duk sauran karawarsa ba. In hakan ta samu, fage yana juyawa da kansa: ƙunshi ya yi yawa, masu farautarsa su ƙaru, ya ja baya, masu farautar su ma su gamu da nasu. Wannan juyi shi ake kira meta.

Akwai kuma ma'aunin sauri. Tun kafuwar Modern, Wizards ta nuna ba ta son ƙunshin da ke gama wasa a kai a kai kafin zagaye na huɗu. Dalilin a fili yake: in kombo ya fi haka sauri, farmaki ba shi da amfani, tsaro kuma bai kai ga buɗe baki ba, sarƙar cin juna ta tambaya ta 3 ta tsinke.

10. To yaushe ake haramta kati?

Lokacin da juyin ya tsaya. Misali uku sun isa. A Fabrairun 2016, a babbar gasar ƙwararru ta Pro Tour a Atlanta, shida cikin takwas na ƙarshe Eldrazi suka buga. Filaye biyu, Eye of Ugin da Eldrazi Temple, suna ba su damar sauke Thought-Knot Seer mai mana huɗu a zagaye na biyu. An haramta Eye of Ugin a Afrilun shekarar.

Na 2019 ya fi koyar da darasi. Hogaak, Arisen Necropolis halitta ce mai ƙarfi 8 da ake bugawa daga maƙabarta ba tare da kashe mana ba. A Yuli aka haramta Bridge from Below da nufin rage masa kaifi, ƙunshin ya sake fasali ya ci gaba da ɓarna. Mutane suka kai ga sa Leyline of the Void cikin ainihin 60, ba a gefe ba, duk da haka bai durƙusa ba. Wannan ita ce babbar alamar ciwo: kowa ya zo da magani, maganin bai yi aiki ba. A ƙarshen Agusta aka haramta Hogaak kansa tare da Faithless Looting. Abin lura, a babbar gasar Basalona ta Yulin shekarar Thoralf Severin ne ya ɗauki kofi da Tron, wanda ke nuna cewa wanda ya ci kofi ba shi ne ma'aunin lafiyar tsari ba.

Na uku Nadu, Winged Wisdom ne. A Pro Tour na Amsterdam a Yunin 2024, biyar cikin takwas na ƙarshe shi suka riƙe, Simon Nielsen ya ci da shi. Haɗa shi da Shuko, wanda ake ɗaura wa halitta ba tare da biyan komai ba, yana sa mutum ya yi ta jan katuna a zagaye ɗaya mai tsawo, abokin karawa na zaune yana kallo. An haramta shi a Agusta, kuma kamfanin ya amsa cewa an sauya rubutun katin a ƙurarren lokaci ba a gwada sigar ƙarshe ba.

11. Me ya sa aka haramta Splinter Twin alhali ana iya cinsa?

Twin ya ci Pro Tour na farko na Modern a Filadelfiya a 2011 a hannun Samuele Estratti, ya sake ci a 2015 a hannun Antonio Del Moral León. Aikinsa: a ƙarshen zagayenka ya sauke Deceiver Exarch ko Pestermite mai mana uku, a nasa zagaye na huɗu ya ɗaura mata Splinter Twin, sai kwafin halittar su yi ta fitowa ba iyaka. Bai karya ma'aunin zagaye na huɗu ba, kuma Jund yana ba shi wahala. Hujjar da aka bayar a Janairun 2016 ita ce yana rage yawan nau'o'in da ake bugawa: duk mai son katuna masu launin shuɗi da ja, launukan Twin, ba shi da dalilin buga wani abu daban, tunda zai iya yin tsaro kuma ya riƙe kombo a aljihu.

An daɗe ana jayayya a kan wannan hukunci, ni kuma ina ganin masu ƙorafi suna da abin faɗa, domin tsoron Twin yana tilasta wa kowa ya bar mana a buɗe da katin kashe halitta a hannu. A Disambar 2024 aka ɗage haramcin, tare da na Mox Opal da Faithless Looting da Green Sun's Zenith, a sanarwar da ta haramta The One Ring. Katin da ya fi ƙarfin 2016 ya dawo ya tarar da fage ya wuce inda ya bar shi.

12. Me ya sa ƙunshina da ke ci a da ya daina ci, alhali ba a taɓa masa kati ko ɗaya ba?

Domin karawarka ba a hannunka kaɗai take ba. In aka haramta ƙunshin da kake ci, abincinka ya tafi. In aka haramta wanda ke danne mai cinka, mai cinka ya yawaita. Sannan akwai jerin Modern Horizons na 2019 da 2021 da 2024, katunan da aka buga kai tsaye don wannan tsari. Na 2021 ya kawo Ragavan da Solitude da Fury da Urza's Saga, na 2024 ya haifar da ƙunshin Boros Energy. Kowanne ya ɗaga ma'aunin abin da mana ɗaya ko biyu ke saya, har tsofaffin jarumai irin Tarmogoyf suka ragu a fage ba tare da kowa ya haramta su ba.

13. Gasa na tafe. In ɗauki ƙunshin da ya fi ƙarfi, ko mai cinsa, ko wanda na saba da shi?

Yi lissafi tukuna. Ga alƙaluman misali: a ce kashi 30 na mahalarta za su zo da ƙunshin A, kashi 20 da B, sauran 50 gauraye. Naka yana cin A kashi 40, B kashi 65, sauran 52. Jimilla 12 da 13 da 26, wato 51. Wani ƙunshin da aka gina don farautar A yana cinsa kashi 60, amma B 35, sauran 50: 18 da 7 da 25, wato 50. Mafarauci bai fi ba, domin kashi 70 na ranar ba A zai gani ba. Wannan ya fi tsanani a Modern, inda katuna ke da tsada, mutane ba sa sauya ƙunshi kowane mako, kuma a ƙaramar gasa za ka iya haɗuwa da nau'i daban a kowace karawa.

Tazarar maki ɗaya ko biyu irin wannan, sanin ƙunshi yana cike ta har ya wuce. Wanda ya san hannun farko da zai riƙe da wanda zai mayar ya ja sabo, ya san matsayinsa a kowace karawa kamar yadda ke tambaya ta 6, ya fi wanda ya ari ƙunshin zamani daren jiya. Inda wannan shawara ba ta aiki shi ne lokaci irin na tambaya ta 10: in fage ya koma na Hogaak ko Nadu, ko ka buga shi, ko ka zo da abin da aka tabbatar yana cinsa. In ba haka ba, riƙe naka, ka rubuta tun a gida abin da zai fita da abin da zai shiga gaban ƙunsoshi biyar ko shida da ka fi tsammani, ka ba mafi yawansu gurbi uku ko huɗu a cikin 15 na gefe. Karawa ɗaya da ta fi ƙarfinka ko da ka zuba mata kati shida, bar ta, ka kashe gurbin a inda zai sauya sakamako.